Tsakanin Gwano da Mai Ɗaki

Bayan Sallar Layya yayata ta kira ni gidanta a Mabera, ta ɗora mini aikin da na fi ƙi a duk ayyukan zumunci, wato binciken aure. Ɗiyarta ta biyu ce ta samu manemi, yaro mai shagon kayan waya, a Facebook suka haɗu. "Kai aka sani da shiga mutane," in ji ta, "tahi ka gano muna ko wane iri na." Ban kai ga ba ta amsa ba sai ga yarinyar ta fito daga ɗaki da waya a hannu.

"Kawu, mi za a bincika? Ai shi da bakinai ya hwaɗi halinai. Ga shi nan, duba."

Saƙo ne dogo, kuma yaron ya iya jera magana. Ya ce shi mai haƙuri ne, ba ya son ƙarya, ba ya riƙo, ko an ɓata masa rai yanzu-yanzu zai huce. Da ya zo kan aibinsa, don ya san ba a yarda da wanda ya ce ba shi da aibi, sai ya ce matsalarsa ɗaya ce tak: ya cika yarda da mutane, shi ya sa ake yawan cutarsa.

Na yi dariya, yarinyar ta haɗe rai. A zatonta maƙaryaci nake kiransa. Alhali na tabbata yaron ya gaskata kowace kalma da ya rubuta. Abin da ya ba ni dariya shi ne na san saƙon tun kafin in karanta shi. Na ji shi a bakin masu neman aiki, na ji shi a bakin 'yan takara, na ji shi a zaman sulhun ma'aurata, miji ya faɗe shi, matar ma ta faɗe shi. Ni kaina na sha faɗarsa.

A ganina mutum ba ya iya yi wa halinsa adalci a duk inda halin yake ɗauke da yabo ko zargi, kuma wannan bai taɓa gaskiyarsa ba. Mai gaskiya da maƙaryaci duk suna faɗawa ramin nan, bambancinsu kawai maƙaryacin ya san ya faɗa.

A saurari irin aibin da muke amsawa da bakinmu. "Ni matsalata na cika faɗin gaskiya." "Ba na iya barin abu a ciki." "Ina da zuciya, amma ba ni da riƙo." "Tausayi ne ya yi mini yawa." Duk aibin ado ne, irin wanda ake ɗaurawa kamar rawani a fita da shi. Shekaruna sun haura arba'in a garin nan, ban taɓa jin wanda ya gyara zama ya ce shi marowaci ne ba, ko ya ce in ya ga maƙwabcinsa ya sayi mota barci ba ya ɗaukarsa. Da za a bi gida-gida tun daga Ƙofar Marke har Arkilla a tambayi kowa halinsa, da an rubuta cewa babu marowaci ko ɗaya a Sakkwato. Amma kowannenmu zai iya lissafa biyar ba tare da ya fita daga shiyyarsu ba.

Harshen ma ya taimaka mana, don kusan kowane hali suna biyu gare shi, ɗaya na mai shi, ɗaya na waɗanda suke zaune da shi. Abin da gida ke kira rowa, maigida na kiransa tattali. Masifa a wurin mai ita rashin ɗaukar raini ce. Matsoraci kawaici yake yi, mai girman kai kama kansa yake yi, magulmaciya kuwa zumunci ne ya kai ta gidan, ta ga bai kamata ta bar 'yar'uwarta cikin duhu ba. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Kowa sunan da ya fi masa daɗin ɗauka ya zaɓa.

Ni nawa sunan haƙuri ne. Tun ina yaro ake cewa ba ni da hayaniya, na girma ina ɗaukar kaina cikin masu haƙurin duniya. Ba na zagi, ba na ɗaga murya, ban taɓa ɗaga hannu a kan mace ba. In an ɓata mini rai sai in yi shiru, in ci abinci, in fita masallaci, in dawo in kwanta. Wata shekara muka samu saɓani da maiɗakina a kan abin da yanzu ko tuna shi ba na yi sosai, na yi irin shirun nan nawa har sati uku. Gaisuwa kawai, sai kuɗin cefane a kan tebur. A raina ina yaba wa kaina, ina cewa da wani ne da tuni ya yi abin da za a ji su a waje. Ranar da ƙanena ya zo ya tarar da gidan tsit kamar ana zaman makoki, ya ja ni zaure ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri da abin da zan hwaɗi. Wagga ba haƙuri ta ba. Gaba ta." Na ji kamar ya watsa mini ruwan randa a cikin hunturu. Na yi masa musu, na kawo hujjoji, ya saurara har na gama, sannan ya ce in shiga in tambaye ta wanne ta fi so, in yi faɗa na minti goma ko in yi shirun sati uku. Ban shiga na tambaya ba, don na san amsar.

Abin da ya tsaya mini har yau shi ne duk abin da na sani game da kaina daidai ne. Gaskiya ne ba na zagi, gaskiya ne ina danne fushi. Abu ɗaya ne ban sani ba, yadda shirun yake sauka a kan wadda ake yi wa shi, kuma ashe a can halin yake. Hali abu ne da ke fita daga jikin mutum ya faɗa kan wani, shi ya sa wanda ya faɗa wa ya fi sanin nauyinsa. Gwano ba ya jin warin jikinsa, ba don hancinsa ya toshe ba, don dai a cikin warin aka haife shi.

Masu nazarin halayyar ɗan Adam sun daɗe suna auna wannan. A 1981 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Ola Svenson, ya tambayi ɗalibai masu tuƙi a Amurka da Suwidin inda suke ganin matsayinsu a ƙwarewa. Kashi 93 cikin ɗari na Amurkawan suka sa kansu a rabin da ya fi ƙwarewa, na Suwidin kuma kashi 69. Rabi kuwa ba ya wuce kashi 50, ko a ina ne. Binciken da ya fi ba ni mamaki shi ne wanda aka buga a 2014, da aka yi a wani gidan yari a Ingila. Fursunoni 79 aka tambaya, suka ce sun fi mutanen da ke waje kirki da riƙon amana da gaskiya. A wuri ɗaya kawai suka sassauta, wato bin doka, nan ma cewa suka yi daidai suke da kowa. Mutanen da alƙali ya riga ya yanke wa hukunci ke nan.

Ba sai an je Turai ba ma. A shiga tashar mota a tambayi direbobi uku wane ne gwanin direba. Mai gudu zai ce wanda ya tashi daga Sakkwato ya isa Gusau kafin saura su wuce Talatar Mafara. Mai sanyin ƙafa zai ce wanda ya shekara ashirin bai taɓa ko akuya ba. Na ukun zai ce wanda ya san ciwon motarsa da kunne. Kowa ya yanka ma'aunin daidai tsawonsa, sannan ya auna kansa ya ga ya cika. Haka muke yi da kirki da adalci da tsoron Allah. Mai yawan nafila yana auna mutane da nafila, mai kyauta yana auna su da kyauta, shi kuwa wanda ba ya ko ɗaya sai ya ce ai zuciya ake dubawa.

Sai dai Bahaushen da ya yi maganar gwano shi ne kuma ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ban ga ta inda za a ƙaryata shi ba. Akwai ɗakin da ba mai shiga sai mai shi. Na san mutumin da duk shiyyarsu ke kira jarumi, shi ake turawa gaba in rigima ta tashi, amma ya taɓa gaya mini cewa duk daren da zai fuskanci irin wannan zama ba ya runtsawa, cikinsa har murɗawa yake. Wa ya isa ya ba da wannan shaida in ba shi ba? Wata masaniya a Amurka, Simine Vazire, ta gwada wannan a 2010, ta haɗa abin da mutum ya ce game da kansa da abin da abokansa suka ce da abin da baƙin ido suka ce, ta gwama da yadda mutumin ya yi a zahiri. Ta samu cewa a kan abin da ke ɓoye, kamar fargaba da yawan damuwa, mutum ya fi kowa sanin kansa. A kan abin da ake alfahari da shi, kamar basira da fasaha, abokai sun fi shi daidai. A kan abin da ke fili kuwa, kamar surutu, kowa ya gani. Alƙur'ani ya riga ya haɗa mana biyun a Suratul Ƙiyama, aya ta 14 da ta 15: mutum masani ne a kan kansa, ko da ya jero uzurorinsa. Sanin yana nan, uzurin ma yana nan, a baki ɗaya suke fitowa.

Shi ya sa nake ganin hanyar alƙalanmu ta fi kowace dacewa da wannan magana. A shari'a ba a karɓar shaidar mutum ga kansa. In ka ce kana bin wani bashi, kai za ka kawo shaidu, ko da kai ne limamin gari. Amma in ka ce wani yana bin ka, an gama, iƙirari ne, ba a neman ƙarin hujja. Maganar da za ta jawo maka riba ana tuhumarta, wadda za ta ci maka wani abu ana karɓarta. Da wannan sikelin nake auna abin da mutum ya faɗa game da halinsa. Wanda ya ce mini "in na ranci kuɗi ina da nauyin biya, kada ka ba ni da yawa," na yarda da shi nan take, don ya yi asara da faɗar. Wanda ya ce ya cika yarda da mutane bai yi asarar komai ba, ribar tausayi ma ya ci.

Iyayenmu sun raba abu biyu da mu yanzu muke cakuɗawa, kirari da shaida. Ɗan dambe zai shiga fage ya ɗaga hannu ya kira kansa dodo, ya kira kansa guguwa, 'yan kallo su yi sowa, ba wanda zai ce ya yi ƙarya, kuma ba wanda zai ba shi aure a kan haka. An san kirari ne, yanzun nan za a gwada. Sarki kuwa ba ya ko yi wa kansa, maroƙa da makaɗa ke yi masa, shi yana zaune bakinsa a cikin amawali. Halin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, mutumin da ya rubuta littattafai masu yawa da hannunsa, a bakin ƙanwarsa Nana Asma'u aka fi jin sa, a waƙar Fulatanci da ta yi bayan rasuwarsa a 1837, wadda sunanta ma Gikku Bello, wato halin Bello. Har gobe in an sauke gawa a maƙabarta abin da ake tambaya shi ne wace shaida aka yi masa, saboda hadisin da Annabi (SAW) ya ce wa sahabbai su ne shaidun Allah a bayan ƙasa, lokacin da suka yabi wata gawa suka kushe wata. Wani Bature da ya daɗe a Arewa, Kirk-Greene, ya tattara siffofin mutumin kirki a wurin Bahaushe a 1974, ya lissafa gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. In aka duba, kusan duk sai da mutum na biyu suke tabbata. Ba a yin karamci a ɗaki a kulle.

Masu son yabon kai, musamman in zaɓe ya matso, suna da aya guda da suke riƙewa: ai Annabi Yusuf ma ya ce wa sarkin Masar a ɗora shi a kan taskokin ƙasa, shi mai tsarewa ne, masani. Haka ne, aya ta 55 ce a Suratu Yusuf. Amma a karanta abin da ya gabace ta. Ya riga ya fassara mafarkin da ya gagari fadawa, matan da suka jawo masa ɗauri sun riga sun wanke shi a gaban sarki, sarkin da kansa ya riga ya kira shi amintacce a aya ta 54. Shaida ta riga kirari zuwa. Mu kuwa fastocin da ke manne a shataletalen garin nan, masu "adali" da "mai gaskiya" da "garkuwar talakawa", mai hoton ne ya biya kuɗin bugawa, shi ya zaɓi kalmomin. Ayar da ta dace da su tana Suratun Najmi, ta 32: kada ku tsarkake kawunanku.

Kada kuma a ɗauka kunyarmu ita ce adalcin. "Ni wane ne?" da "sai dai a faɗa" da "muna dai taɓawa" su ma sau da yawa kirari ne da aka juya bayansa, mai faɗa yana jiran a ce haba Malam, ai kai ne. Inda kuma kunyar ta gaske ce, cutar mai ita take yi. Ina koyarwa, na ga yara masu ƙwazo da aka tarbiyyantar a kan cewa yabon kai jahilci ne, sun je gaban masu ɗaukar aiki an ce su bayyana kansu, suka sunkuyar da kai suna murza yatsu, aka ɗauki wanda ya fi su baki. Wannan tambaya ta "faɗa mana halinka" baki take aunawa. Mai kunya zai rage, marar kunya zai ƙara, ka tashi ba ka san ko ɗayansu ba.

To, binciken da aka aike ni fa, shi ne mafita? Shi ma da nasa ciwon. Duk wanda ya taɓa yin sa ya san amsar da ake samu a ƙofar gida: "Wallahi ba mu san shi da komi ba sai alheri." Ba mai son a ce shi ya ɓata auren ɗiyar mutane. Liman zai ce yana ganin sa a sahu, abokansa za su rufa masa asiri, wanda suka taɓa saɓawa kuma zai zazzage har da abin da ba a yi ba. An ruwaito cewa wani ya zo gaban Sayyidina Umar zai yi wa wani shaidar kirki, Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne da ya san shigarsa da fitarsa, ya ce a'a. Ko sun taɓa tafiya tare, ya ce a'a. Ko sun taɓa hulɗar dinari da dirhami, ya ce a'a. Umar ya ce to ba ka san shi ba. Imamu Gazali ma da ya lissafa hanyoyin da mutum zai gane aibinsa, bayan malami da aboki na gaskiya, sai da ya sa harshen maƙiyi a ciki, don shi ba ya ragawa. Ni a nawa ɗan sanin zan ƙara mutum ɗaya: wanda ke ƙarƙashinsa. Kowa na da ladabi a gaban wanda ya fi shi. Yaron shago da ƙanen gida da almajirin da ke yi masa aike, su ne suka san shi in ya cire hula.

Haka na yi. Ban je wurin liman ba. Na sami wanda ke ba manemin kaya bashi a babbar kasuwa, ya ce tun da suke bai taɓa bin sa ba, shi ke kawowa kafin ranar. Na sami ɗan kabu-kabun da ke kai masa saƙo, ya ce ba ya cin haƙƙinsa, amma akwai ciniki kamar zai cire maka rai (ban san inda "na cika yarda da mutane" ta shiga a nan ba). Na zauna da yaron shagonsa a wurin mai shayi, sai da kofi na biyu ya saki jiki. Ya ce maigidansa ba shi da mugunta, amma in ka yi kuskure a gaban masu saye zai yi maka tatas, kowa na ji, bayan awa ɗaya kuma ya aiko maka da shinkafa da nama kamar ba a yi ba. Na ce to ai ya huce ke nan. Yaron ya juya cokali a kofi ya ce, "Shi kam ya huce."

Daga baya na zauna da manemin kansa. Ban tambaye shi halinsa ba, na ce ya ba ni labarin faɗan ƙarshe da ya yi. Ya ba ni tiryan-tiryan, har da abin da ya ce wa yaron, yana dariya, yana cewa ai shi ba ya barin abu a ciki. A cikin minti biyar na ji abin da dogon saƙon nan bai faɗa ba, kuma daga bakinsa, bai ma san ya faɗa ba.

Na koma Mabera na zayyana musu komai. Yarinyar ta ce, "To Kawu, ƙarya yay yi?" Na ce ko ɗaya, duk abin da ya rubuta haka yake a wurinsa, sai dai ki sani ranar da ya huce ke ba lalle ki huce ba, ki auna ko za ki iya. Ta yi shiru tana kallon wayarta. Yayata ta gyara ɗaurin kallabi, ta dube ni sama da ƙasa.

"Mai hwaɗa ya huce dai ya hi mai shirun sati ukku," in ji ta.

Ashe labarin ya kai Mabera tun shekarar da aka yi shi. Na sa takalmina na yi musu sai da safe. An sa ranar bayan kaka.